Jarjir Ganyen Ci Ne: Mu Fito Da Shi Daga Kwalba, Mu Shuka Shi A Tsakar Gida



Da yawa daga cikinmu mun san jarjir, amma a cikin kwalba muka san shi. Shiga shagon da ake sayar da habbatussauda da hulba da zuma, akwai yiwuwar ka tarar da man jarjir a jere tare da su. Wata za ta saya don an ce mata yana sa gashi tsawo da cika, wani kuma zai saya a ɓoye don an raɗa masa cewa yana ƙara wa maigida kuzari. Amma ka tambayi mai sayen ko ya taɓa ganin ganyen da idonsa, ko ya taɓa sa shi a baki, sai ka ga ya yi shiru.

Ra'ayina shi ne mun karɓi wannan tsiro ta ƙofar da ba ita ba. Jarjir ganyen ci ne, irin wanda ake tsinka a wanke a ci ɗanye, kuma amfaninsa da aka tabbatar a ganyen yake. Sannan cikin duk kayan lambun da mutum zai gwada a tsakar gida lokacin sanyi, da wuya a sami wanda ya kai shi sauƙi da saurin biyan wahala. Ga shi iskar hunturu ta fara kaɗawa, kuma shi ganye ne mai ƙayyadadden lokaci a ƙasarmu. Wanda ya yi sake har watan Fabrairu ya wuce, sai dai ya jira baɗi.

Bari mu fara da sanin ko wane ne shi. Jarjir sunan Larabci ne. Masana tsirrai suna kiransa Eruca sativa, kuma asalinsa ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum ne, daga Maroko da Sifaniya har zuwa Turkiyya da Sham. Faransawa suna ce masa roket, Turawan Ingila suka ara daga wurinsu, shi ya sa wanda ya ci karo da sunan a littafin girki zai iya zaton makamin roka ake nufi, alhali babu abin da ya haɗa su. Sunan ganyen daga kalmar Latin ta eruca ya samo asali. A Italiya rukola ake ce masa, a Amurka arugula.

Danginsa kuwa ba baƙinmu ba ne. Gidansu ɗaya da kabeji, kuma gidansu ɗaya da lansir. Duk wanda ya taɓa cin kwaɗon lansir da ƙuli-ƙuli lokacin sanyi ya san wannan ɗan yajin da ke hawa hanci, wanda ba irin na barkono ba. To jarjir ma haka yake, sai dai ganyensa ya fi na lansir girma da faɗi, gefensa a tsattsage, kuma bayan yajin akwai wani ɗanɗano mai kama da na soyayyen riɗi. Sinadarin da ke kawo wannan yaji yana kwance ne cikin ganyen ba ya yin komai, sai haƙori ya fasa ganyen ya haɗu da wani sinadarin, sannan yajin ya tashi. Makami ne da tsiron ke kare kansa da shi daga kwari. Ku riƙe wannan, don shi ne zai bayyana mana abin da ya sa shukar da ta sha wuya, ta rasa ruwa ko rana ta gasa ta, take yin ɗacin da ba ya ciwuwa.

Nau'i biyu ake sayarwa da wannan suna. Na farko shi ne mai faffaɗan ganye da farin fure, mai saurin girma, wanda ke rayuwa kaka ɗaya ya mutu. Shi ne wanda Larabawa ke ci, kuma shi nake magana a kai. Na biyu sirirtaccen ganye gare shi da fure ruwan ɗorawa, ya fi yaji, ya fi jinkirin tasowa. Mai farawa ya nemi na farko.

Wani zai ce ai wannan abincin Turawa ne da 'yan gayu. A Amurka kam ya taɓa samun wannan sunan. A shekarar 2007, lokacin da Barack Obama ke neman takarar shugaban ƙasa, ya je wajen manoma a jihar Ayowa, yana cikin magana kan farashin amfanin gona sai ya kawo misali da tsadar arugula a kantin Whole Foods. A lokacin babu ko reshe ɗaya na kantin a jihar. Abokan hamayyarsa suka riƙe maganar, suka yi ta nuna shi a matsayin ɗan boko wanda bai san abincin talaka ba. Amma je ka Masar ka ga wanda ke cin jarjir. Ɗauri-ɗauri ake sayar da shi a bakin titi, ana ajiye shi kusa da kwanon ful, wato dafaffen waken nan da lebura da ɗalibi ke karyawa da shi, ko kusa da soyayyen kifi. Haka yake a Sudan, inda 'yan uwanmu Hausawa mazauna can suka san shi a kasuwa kamar yadda muka san latas. Alhazanmu ma da yawa sun gan shi a gefen faranti a Makka da Jidda, wasu suka ture shi gefe suna zaton ado ne. Ganye ɗaya ne, a wata ƙasa na masu kuɗi, a wata na talakawa. Abin da ya bambanta su shi ne nisan da ke tsakanin inda aka shuka shi da bakin mai ci.

Wannan nisan shi ne hujjata ta farko. Jarjir ba ya jure tafiya. Ka yanke shi da safe ka bar shi a iskar hunturu, kafin la'asar ya yi yaushi, washegari ya fara ɗaukar ruwan ɗorawa. Inda ake da wuta dare da rana da motoci masu sanyi, ana iya ɗaukarsa daga gona zuwa kanti, kuma mai saye ne ke biyan kuɗin sanyin. Mu da wutar sai an ga dama, wannan hanya ba tamu ba ce. Hanyar da ta rage ita ce tazarar da ke tsakanin shukar da kwano ta zama taku goma. Albasa tana iya yin watanni a rumbu, tumatir yana iya zuwa daga Kadawa har Legas a kwando, don haka sayensu a kasuwa ba asara ba ne. Ganyen da ke mutuwa cikin yini ɗaya kuwa, a gida ya kamata ya rayu.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ta shafi duk ganyen da muke ci ɗanye. Miyar alayyahu ko ta rama ta sha wuta, wuta kuma tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Latas da lansir da jarjir ba sa ganin wuta. Ruwan da aka yi musu ban ruwa da shi, da takin da aka zuba musu, da ruwan da mai talla ke yayyafa musu don kada su yi yaushi, duk suna iya biyo su har cikin baki. A Kano sananne ne cewa ana noman rani a gefen rafin Jakara, wanda ke kwashe ƙazantar unguwannin birni, da rafin Getsi da ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai. Ban kawo wannan don a zargi manoman ba, ruwan da suka samu da shi suke neman abincin iyalinsu. Amma mai saye a kasuwa ba shi da hanyar bambance latas ɗin da ya sha ruwan rijiya da wanda ya sha na kwata. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo duk shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 daga ciki suna mutuwa, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowa jin jiki idan aka auna da yawan jama'arta, da mutum sama da miliyan 91 masu kamuwa da kuma 137,000 masu mutuwa. Wanke ganye da ruwan gishiri ko ruwan tsami yana ragewa, amma ba ya kawar da komai. Wanda ya shuka da hannunsa ya san ruwan da shukarsa ta sha. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Hujja ta uku ita ce sauƙi, kuma a nan zan ɗan tsawaita, don kada maganar ta tsaya a fatar baki.

Lokaci shi ne farko. Jarjir ɗan sanyi ne, ya fi jin daɗi idan zafi bai wuce digiri 25 ba. A Kano da Katsina da Zariya da Damagaram, dare a watan Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma wannan sanyin dare shi ke riƙe shukar ko da rana ta ɗan yi zafi. Don haka lokacin shuka shi ne daga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu. Da zarar zafin bazara ya kunno kai, shukar takan daina yin ganye, ta miƙe da kara ɗaya a tsakiya, ta yi fure, ganyen ya yi tauri da ɗaci. Mutanen Jos da tsaunin Mambila suna da lokaci mai tsawo fiye da namu.

Wuri kuwa ba ya buƙatar fili. Saiwarsa ba ta nisa, zurfin santimita 15 zuwa 20 ya ishe shi. Tsohuwar robar wanki da ta tsage, ko jarka da aka yanke ta kwance, ko buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa, duk sun yi. Abin da ba a wasa da shi shi ne hudawa a ƙasa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, in ba haka ba saiwar ta ruɓe. A ajiye shi jikin katangar da ke samun ranar safe ta kuma yi inuwa da yamma. In gidan akwai kaji ko awaki, a ɗora a kan benci ko bulo, ko a kewaye da raga, domin tsiro ɗan kwana huɗu a wurin kaza loma ɗaya ne.

Ƙasa a haɗa kashi biyu na ƙasa mai laushi da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, in ƙasar laka ce a ƙara yashi. Na ce ruɓaɓɓe, kuma da gangan na faɗa. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki yana ƙona tsiro, sannan yana ɗauke da irin cutar da muka gudo daga kasuwa saboda ita. A Amurka, ƙa'idar noma ba da takin zamani ba ta tanadi kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashin dabba da girbin duk amfanin da ke taɓa ƙasa. Jarjir kuwa wata guda yake yi, ka ga ba a ma fara lissafin ba. A nemi takin da ya daɗe a jibge, ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu.

Irin ƙanana ne ƙwarai, gram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya wajen 500, don haka rabin ƙaramin cokali ya ishi roba guda. A ja layi da yatsa mai zurfin rabin santimita zuwa ɗaya, tsakanin layi da layi faɗin tafin hannu, a barbaɗa irin sama-sama, a rufe da ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa da hannu ko da gwangwanin da aka huhhuda. Kada a kwara da bokiti, irin zai tattaru a gefe guda. Cikin kwana 3 zuwa 7 za a ga tsiro. Idan sun yi ganye huɗu sai a rage cunkoso, a bar tazarar yatsu uku zuwa huɗu tsakaninsu, waɗanda aka cire kuma a wanke a ci, su ne girbin farko.

Ban ruwa kaɗan-kaɗan ne amma kullum, safe da yamma, don iskar hunturu tana busar da roba cikin sauri. Buta ɗaya a rana takan ishi matsakaiciyar roba. Ruwan wanke shinkafa ya yi, na sabulu da na wanke-wanke mai maiƙo bai yi ba. Ƙa'idar ita ce ƙasar ta kasance da danshi ba tare da ta yi caɓi ba. Yini biyu na ƙishirwa sun isa su mayar da ganye mai daɗi ya koma ɗaci, saboda dalilin da na faɗa a baya.

Bayan mako uku zuwa huɗu ganye ya kai tsawon yatsa, to an iso. Kada a tumɓuke. A sa almakashi a yanke, a bar kamar santimita 3 daga ƙasa, kada a taɓa zuciyar da ke tsakiya. Cikin kwana 10 zuwa 14 zai sake tofowa, kuma ana samun yanka biyu zuwa uku kafin ya gaji. Dabarar da ta fi kowace ita ce roba uku, a shuka ta farko yau, ta biyu bayan mako biyu, ta uku bayan wasu mako biyun, in ta farko ta tsufa a juye ƙasar a sake shukawa. Da haka gida ba zai rasa ɗanyen ganye ba har sanyi ya wuce.

Kwari suna zuwa. Akwai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙwaro mai tsalle kamar ƙuma da ke huda ganyen kamar an soka allura, akwai koriyar tsutsar kabeji, akwai kuma ƙananan kwari masu taruwa a bayan ganye suna tsotsa. Maganin da ya fi duka shi ne tsohon gidan sauro, wanda aka wanke shi tas, a kafa 'yan sanduna a lulluɓe robar tun ranar shuka. Tsutsa a cire ta da hannu. Ganye mai 'yan huji ana cinsa lafiya lau. Abin da ba za a taɓa yi ba shi ne fesa fiya-fiya ko maganin feshin wake a kan ganyen da za a ci ɗanye jibi. Wanda zai yi haka, gara ma ya sayi na kasuwa.

Yanzu bari mu saurari masu ja, don suna da magana.

Na farko zai ce muna da zogale da rama da tafasa da yakuwa da alayyahu, me za mu yi da baƙon ganye? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ni ma na ce wanda yake da wurin shuka abu ɗaya tak, ya dasa zogale. Yana ba da ganye shekara da shekaru, yana jure fari, ya kuma fi jarjir gina jiki. Amma roba uku a jikin katanga ba sa cin wurin zogale. Kuma yawancin ganyayen namu na dafawa ne, jarjir yana cike gurbin ɗanyen ganye ne, inda latas ɗin kasuwa ya mamaye. Batun baƙunta kuwa, mu tuna tumatir da barkono da masara da rogo duk daga nahiyar Amurka suka zo mana. Gyaɗar da ake ƙuli-ƙuli da ita, wadda dalarta ta yi wa Kano suna a duniya, asalinta Amurka ta Kudu ne. Mangwaro da dalbejiya daga yankin Indiya suke. Tukunyar Bahaushe ba ta taɓa tambayar abu garinsu ba, tambayarta ita ce yana da daɗi, kuma yana yi a ƙasarmu?

Na biyu zai ce wata uku ko huɗu kawai a shekara, wahalar ba ta biya ba. Gaskiya ne a bazara ba ya yi, a damina kuma ruwa mai ƙarfi da kwari da ruɓa suna damunsa. Amma mangwaro ma lokaci gare shi, ba wanda ya sare bishiyarsa don haka. Idan zafi ya shigo, robar nan da ƙasar nan su ne za su karɓi alayyahu ko lalo, waɗanda ke son zafi. Wanda ya koyi ban ruwa da rage cunkoso a kan jarjir, ya riga ya koyi rabin aikin lambu. Wannan ma wani dalili ne da ya sa nake ba mai farawa shawarar ya fara da shi. Tumatir sai ka yi wata biyu zuwa uku kana jira, ga cuta ga tsutsa, da yawa suna karaya a hanya. Shukar da ke tsira cikin kwana huɗu, a ci ta cikin wata guda, ita ce ke sa yaro ya tashi da safe ya nufi buta ba tare da an aike shi ba.

Na uku zai ce ina zan sami irin? A nemi masu sayar da irin kayan lambu, a tambaye su da sunan jarjir ko roket ko arugula, ko a yi wa mai dawowa daga Masar ko Sudan ko Saudiyya sautu. A lura da abu biyu. Larabawa suna kiran wani ganye daban mai fitowa a cikin ruwa da sunan jarjir ɗin ruwa, to ba shi ake nema ba. Sannan kafin a zuba iri a ƙasa a gwada shi: a ɗauki ƙwaya 10 a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa jiƙa shi har mako guda. In 7 ko 8 sun tsira, irin mai kyau ne, in 2 ko 3 ne, ya tsufa. Kuma sau ɗaya ake wannan neman. Idan zafi ya zo shukar ta yi kara, a bar guda biyar ko shida su yi fure tare, a yaye gidan sauron don ƙudan zuma su samu shiga, domin tsiro ɗaya shi kaɗai ba ya yin iri sosai. Furen fari ne mai kunne huɗu da jijiyoyi masu duhu, shi ma ana cinsa. Bayansa kwanso zai fito, in ya bushe ya yi ruwan ƙasa a yanke karan, a shanya a faifai a inuwa, a murje, a bakace. Irin yana yin shekara 3 da ransa idan an ajiye shi a busasshen wuri mara zafi.

Sai mu koma kan kwalba. Maganar cewa jarjir yana motsa sha'awa tsohuwa ce ƙwarai. Pliny, marubucin Rumawa da ya mutu a shekara ta 79 miladiyya, ya rubuta ta a littafinsa na tarihin halittu. Likitan Girka Dioscorides, wanda ya rayu a ƙarni ɗaya da shi, shi ma ya faɗa, kuma an fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, likitocin da suka biyo baya suka ci gaba da maimaitawa. Amma daɗewar zance ba ita ce tabbacinsa ba. Gwaje-gwajen zamani da masu talla ke kafa hujja da su, a kan ɓeraye aka yi yawancinsu. Abin da aka auna aka tabbatar shi ne abin da ke cikin ganyen: a gram 100 akwai sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi miligram 160, da bitamin C miligram 15, da bitamin K mai yawa, da sinadarin folet da mai juna biyu ke buƙata. Wannan ya isa dalilin ci, ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Man kuwa daga irin ake matso shi, ba daga ganyen ba, kuma abu ne daban. A Pakistan da Indiya, inda ake noman jarjir gona-gona don mai, suna kiransa taramira, suna shafa shi a kai da jiki. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan mai wani sinadari ne da ake kira erusik, wanda daga sunan tsiron ma aka raɗa masa suna. Gwaji a kan dabbobi ya nuna yawan cinsa yana tara kitse a tsokar zuciya. Saboda shi ne masana a Kanada suka yi aiki a shekarun 1970 har suka fitar da kanola, wadda manta ke ɗauke da ƙasa da kashi 2 cikin 100 na sinadarin, kuma a 2016 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ƙayyade abin da jiki zai iya ɗauka a rana da miligram 7 a kan kowane kilo na nauyin mutum. Mai shafawa a gashi wannan bai dame shi ba. Mai shan cokali safe da yamma don neman ƙarfi, shi ya kamata ya tsaya ya yi tunani.

Ganyen ma yana da nasa gargaɗin guda biyu. Jarjir yana cikin ganyayen da suka fi tara sinadarin naitiret daga ƙasa, har a 2011 Tarayyar Turai ta sa masa iyaka ta musamman, miligram 6,000 zuwa 7,000 a kilo gwargwadon lokacin girbi. Abin da ke ƙara shi shi ne yawan taki da ƙarancin rana. Don haka kada a ɗura masa yuriya don a ga ya yi kore shar, kuma kada a ɓoye shi a inuwa yini guda. Na biyu, wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini irin warfarin, bitamin K yana rage ƙarfin maganin, sai ya tuntuɓi likitansa kafin ya mayar da shi abincin kullum.

Cinsa ba sai an koyo daga kowa ba. A wanke da ruwa mai tsabta, a tsane, a yanka manya-manya, a haɗa da tumatir da albasa da dakakken ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa da gishiri, a matsa lemun tsami. Kwaɗo ya haɗu. A watsa shi a kan garau-garau ko ɗanwake ko dambu bayan an sauke, a cusa shi cikin gurasa, a ajiye shi kusa da tsire ko balangu ko soyayyen kifi, yajinsa yana yanke maiƙo. Wanda bai saba ba, ko yara, a fara musu da ƙananan ganye a gauraya da latas ko kabeji. Wanda ya tsufa ya yi ɗaci kuma kada a zubar, a jefa shi cikin miya ana dab da saukewa, zafi yana kashe yajin.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kowane baligi ya ci aƙalla gram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. Roba uku ba za su cika wannan mudun ba, kuma ban ce za su rage kuɗin cefane da wani abin kirki ba. Abin da za su yi shi ne su sa ɗanyen ganye mai tsabta a kwanon gida sau biyu ko uku a mako har sanyi ya wuce, su kuma nuna wa mutanen gidan cewa ɗan lungun nan da ake jibge tarkace yana iya ciyar da su. Uwargida, ki duba cikin tsofaffin robobinki. Maigida, in ka fita gobe ka biya wurin masu iri. Kwalbar man nan kuma in ta ƙare kada a yar, a wanke ta a shanya ta bushe sarai, a watan Maris za a buƙace ta don ajiye irin baɗi.

Wanda ya gwada, ya dawo ya ba mu labarin kwana nawa nasa ya yi kafin ya tsira, da kuma garin da yake, don mu san yadda yake yi a kowane yanki. Allah ya sa albarka a abin da za mu shuka, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.